Bakanike Mai Saurare da Haƙori

Ina zaune a wani shagon kayan mota a Gyaɗi-Gyaɗi ina jiran batir, amma idona na kan wani mutum. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, baƙin mai ya zauna daram a layukan tafinsa. Gabansa faranti ne cike da ƙananan ƙarafa masu 'yar taya a gindi, waɗanda ke ɗaga bawul a cikin inji.

Ba ya duba kwali, ba ruwansa da ƙasar da aka ƙera su. Yakan ɗauki ɗaya, ya dafa shi a haƙoransa na gaba, ya rufe ido, ya murza tayar da babban yatsa. Wani ya ajiye a damansa, wani ya yamutsa fuska ya ture gefe.

Na ce, "Malam, me kake ji a ciki?" Ko waiwayowa bai yi ba.

Mai shagon, Madam Ifunanya, ta ce, "Oga Habila kurma ne, da haƙori yake jin ƙarfe. Injin motar tsere yake haɗawa, kuma ƙaninsa ne zai tuƙa. In ɗaya daga cikin ƙarafan nan ya cije ana cikin gudu, shi ke nan."

A waje 'yan adaidaita sahu na ta zuba hon. Ni mai kunne biyu ba na jin komai sai hayaniya. Shi kuwa ya ɗauki wani ƙarfen, ya sake rufe ido, yana sauraron ran ɗan'uwansa.