Ranar da Ɗan Majalisarmu Ya Ji Ƙishirwa

Karatun bokona a aji huɗu ya tsaya, shi ma sai da hedimasta ya gaji da ni. Amma aji huɗun nan ya ishe ni cin gari a Unguwar Tudu shekara da shekaru. Ni ke karanta takardar asibiti, ni ke yi wa mutane bayanin abin da rediyo ya faɗa bayan rediyon ya riga ya faɗa da Hausa, kuma in zaɓe ya matso ƙofar gidana ake zuwa a ji wa za a dangwala wa. Ban taɓa riƙe ko mai unguwa ba. Baki kawai gare ni, mutane kuma sun yarda ba ya ƙarya. Shi na yi asara, don haka kada wanda ya yi dariya sai na kai ƙarshe.

Kukanmu manoma a lokacin kwanon awo ne. Masu awo a kasuwa kwano biyu gare su. Na saye an bubbuga masa gindi da taɓarya har ya yi tumbi, na sayarwa kuwa ɗan siriri kamar wanda ya tashi daga jinya. Ka auna masararka a gida, ka je kasuwa ta ragu a gaban idonka, ba kaza ba ɓera. Sai muka ji ana shirin kai wata doka majalisa, a yi kwano ɗaya mai hatimin hukuma a kowace kasuwa.

Mazaɓar tamu irin wadda ɗan takara ba ya barci da minshari ce. Wannan karo jam'iyyar nan ta ci, wancan karo waccan, akwatin unguwa ɗaya kan iya kayar da ƙato. Unguwarmu kuwa ta daɗe tana bin jam'iyya ɗaya. Shi ya sa ɗan takarar ɗaya jam'iyyar da nake ba ku labari, wanda ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna haɗuwa a jana'iza, ya zo ƙofata. Tun daga bakin masallaci ya cire takalmi, ya tsuguna, ya kira ni Baba har sau nawa ban ƙirga ba.

Mu a ƙungiyarmu ta manoma ba a yanke magana da hayaniya. Kowa miƙewa yake yi, ya faɗi sunan ubansa, ya ce ina ciki ko ba na ciki, a shafa fatiha. Bayan shekara goma ana iya tuna maka inda ka tsaya. Na ce da baƙon namu in yana son ƙuri'armu ya yi yadda muke yi. Ya miƙe a gindin darbejiyar da muke taro, ya ambaci ubansa har da kakansa, ya ce maganar kwano yana ciki. Aka shafa.

Akwai wani maƙwabcina mai noman albasa, mutum ne da ko ruwa ka ba shi sai ya leƙa ƙoƙon. Ya ce, "Malam, in ya je can birni, wa zai gaya mana abin da ya ce?"

Na gyara zama na ce, "Kai dai albasa ka sani. A majalisa ma miƙewa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ga akawu nan yana rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa. Ranar da za a yi, ni da ƙafata zan je in karɓo muku takardar in karanta a nan."

In kun tambaye ni inda na samo wannan ilimi, daga cikin hulata ne. Ban taɓa shiga majalisa ba. Kawai dai hankalina bai ba ni cewa gida mai fanka da kujerun laushi zai kasa gindin darbejiya tsari ba. A kan maganar nan tawa unguwa ta juya, har da tsofaffin da tun ƙuruciya ba su taɓa sauya jam'iyya ba. Ya ci da ƙyar, muka fara kiransa Onarabul.

Damina biyu ta wuce kafin rediyo ya ce gobe za a yanke maganar kwano. Ina tunanin motar da zan hau sai ga taubashina, ɗan kawuna, ya tsaya da tsohuwar motarsa ta ɗaukar hatsi. Asalinsa ɗan Durun ne, aure da awo suka zaunar da shi a Gwarzo, kuma duk cikin masu kwano mai tumbi babu wanda nasa ya kai nasa. Tun muna yara yake kirana bawansa, tunda shi ɗan namiji ne ni ɗan mace.

Ya ce, "Bawana, na ji gobe za ka birni kallon faɗuwarka. Zo in kai ka, ka riƙe mini takalmi a ƙofa."

Washegari bayan asuba muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba na fara yi masa nasiha ya sayar da kwanonsa ga masu dafa wa jakuna dusa tun yana da daraja, don Onarabul namu ne.

Ya kalle ni har motar ta kusa sauka daga kwalta. "Naku? Mutumin da ya zauna a rumfata, ya ci gurasata, ya dafa kafaɗar shugaban masu awo ya ce dokar nan sai bayan ransa?"

"Ƙarya kake, ɗan kawu. Ya shafa fatiha a gabanmu."

"To mu a kasuwa waƙa muke shafawa?"

Daga nan har birni ya riƙa sauya giya da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi.

A ƙofa mai gadi ya karɓe sandata, aka hau da mu wasu bencuna na sama inda ake ajiye baƙi. Muna zama na hango Onarabul a ƙasa, ya yi ƙiba, babbar riga tana ƙyalli. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya yi murmushi ya ɗaga hannu. Sai idonsa ya matsa kaɗan ya ga wanda ke kusa da ni. Hannun nan bai sauka ba, bai kuma ƙara sama ba, ya tsaya a tsakiya kamar na mai tare mota.

Aka yi ta Turanci wanda ya fi ƙarfin aji huɗu, wasu suna sirkawa da Hausa. Da aka zo kansa ya miƙe ya ce manomi ubansa ne, ɗan kasuwa ma ubansa ne, kuma ɗa na gari ba ya son ganin iyayensa suna faɗa. Ya yi addu'ar damina mai albarka da kasuwa mai albarka, ya zauna. Na ce a raina ba komai, wannan gaisuwa ce, yanzu za a fara kiran suna.

Ba a kira sunan kowa ba. Shugaban majalisa, mai 'yar guduma a hannu, ya ce masu son dokar su amsa. Aka yi wata "eee" gaba ɗaya kamar ɗaliban da aka tambaya ko sun gane. Ni kuwa idona yana kan bakin mutum ɗaya. A daidai lokacin Onarabul ya buɗe gorar ruwa ya kafa kai. Shugaba ya ce waɗanda ba sa so su amsa. Aka yi ihun da ya fi na farko. Gorar tana nan a bakinsa. Na yi noma da rana tsaka, na yi azumi a watan zafi, amma ban taɓa ganin ƙishirwa irin ta bawan Allah nan ba. Sai da guduma ta sauka aka ce dokar ta faɗi, sannan ya ajiye gorar ya goge baki da hannun riga.

Duk da haka ban haƙura ba. Na sauko na tare wani ma'aikaci mai rungume da takardu, na gaishe shi yadda ya kamata, na ce ina son takardar da aka rubuta abin da kowa ya zaɓa.

Ya ce, "Baba, ai yawanci ba a rubutawa. Ɓangaren da muryarsa ta fi ƙarfi shi ya ci."

"To in mutum ya yi shiru fa?"

"Shi da Allahnsa, Baba."

Muna tsaye sai ga Onarabul. Ya kama hannuna da dama, ya kama na taubashina da hagu, ya tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya fi wani. Sannan ya sunkuyo ya ce da ni, "Baba, mun yi iya ƙoƙarinmu, ka dai ji yadda aka rinjaye mu." Ya juya wajen ɗan kawu ya ce, "Alhaji, ai na gaya maka kada ka damu." A gabana. Ko rage murya bai yi ba.

A hanyar dawowa na zaci taubashina zai yi mini waƙa har gida, tunda kwanonsa ya tsira. Ya dai fara. Ya ce bawa ya je birni ya dawo ba takarda, ya ce a saya mini gora in riƙa koyon siyasa. Amma bai yi nisa ba ya daina. Can ya ce, "Da ba ka zo ba, a'a zai ce da ƙarfi."

"Da kai ba ka zo ba fa?"

Da muka kusa gari ya rage gudu ya ce, "Ka ga, ɗan gwaggo." Rabon da ya kira ni haka tun rasuwar mahaifiyata. "Ka je ka ce musu ya ce e, an fi su yawa ne. Ba wanda ya gani sai ni da kai, ni kuwa ba zan tona ba. Ba na son a mai da kai abin wasa, wannan aikina ne ni kaɗai."

Wallahi na so in karɓa. Har na shirya yadda zan faɗa, har da yadda zan ce akawu ya tafi hutu da mukullin durowa.

Bayan la'asar na tarar da su a wurin taro, babu wanda ya tafi gona, har mai shayi ya sauke tukunya. Mai albasa ya miƙo hannu tun daga nesa ya ce, "Malam, takardar."

Na ce babu takarda. Na ce ba a kiran suna a can, ban taɓa sanin yadda ake yi ba, daga kaina na ƙago na faɗa musu don su bi ni. Na ce mutuminmu ruwa ya sha.

Na shirya wa zagi, da an zage ni da na ji sauƙi. Wani dattijo da ya bar jam'iyyar ubansa saboda ni ya ce, "Allah ya kyauta," ya naɗe buzunsa. Saura suka bi shi ɗaya ɗaya. Mai albasa ne kaɗai ya tsaya, ya ce, "Da ka ce ba ka sani ba, Malam, ai da mun bi ka duk da haka." Ya tafi shi ma.

Har yau ana gaishe ni, ana kawo mini goron ɗaurin aure, ba wanda ya taɓa yi mini gori. Da zaɓe na gaba ya zo na share ƙofar gida na shimfiɗa tabarma kamar yadda na saba. Mutane suka riƙa wucewa suna "sannu da hutawa, Malam," suna ƙarasawa gaba. Ranar jefa ƙuri'a da safe uwargidana, wadda tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa dangwala yatsa ba sai ta tambaye ni, ta yafa mayafi ta ɗauki katinta. A zaure ta tsaya, na gyara murya ina jira. Ta ce kunu yana kan murhu, in na sha in rufe.