Rabin Randar Zoɓo daga Jiratawa

Mun tashi da asuba ranar Lahadi, ana sallame salla, ni da kawuna, a kan wani babur mai ƙafa uku da ya aro wajen maƙwabcinmu mai dakon siminti. Sanyi yana shiga har ƙashi. Ni ce a baya, zaune kan tsohuwar tabarma, na ƙudundune cikin hijabi biyu. Tun kafin mu fita daga unguwarmu ta Zariya a nan Maraɗi, garin simintin da ya maƙale a kusurwoyi ya riga ya bi mini siket.

Ga waɗanda ba su san gidanmu ba, kakata, wadda ta haifi mamata da kawu, ita ce mai zoɓon nan da ake kaiwa masallacin layinmu da gidajen maƙwabta duk azumi. Ba ta sayarwa. Tun ba a haife ni ba, a gona ɗaya take sayen zoɓo, gonar wani dattijo a Jiratawa. Nasa ja ne har ya so ya koma baƙi, yana da kauri, yatsunsa a lanƙwashe ciki kamar hannun jariri mai barci. A ƙuryar gidanmu akwai wani ɗaki marar taga, mai sanyi ko da bazara, inda take jera randuna, kowace shekara da randarta. Ba ta buɗe na bana sai ya daɗe a rufe. Ta ce sabon zoɓo yana da gaggawa a harshe, sai ya huta cikin duhu tsaminsa yake kwanciya. Kuma doka ce a wajenta, daga wurin shanya sai cikin randa. Ba ya shiga buhun leda, don leda tana sa shi gumi. Shi ya sa a gidanmu randa ce take zuwa gona.

Bana gwiwa ta hana Kaka tafiya, idonta ma ya yi rauni. Sai kuma randar da aka tanada ta tsage. Sabuwa ba za ta yi ba, wai tana warin ƙasa, sai dai tsohuwa, ita kuma tana gidan ƙanwar Kaka a Tibiri. Tibiri na wannan gefe, Jiratawa na wancan, Maraɗi a tsakiya. Da kawu ya ji tsarin sai ya sauke ajiyar zuciya. Ni kuwa da za mu fita Kaka ta kamo hannuna ta ce, “Ke ce idona yau. In ba nashi ba ne, kar ki bari a sa mini a randa.” Na ce to. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu in na san amsa.

Hanyar Tibiri ba ta da nisa, kuma da safe tana da daɗin kallo in ba don sanyi ba. Amalanken shanu ɗauke da karan dawa suna tafiya a gefen kwalta, mai kora yana gyangyaɗi. Masu sayar da mai a kwalba suna jera kayansu, rana tana fitowa ta cikin kwalaben. Mun tsaya mun sha mai, kawu ya yi ta mitar yadda kwalba ta ƙara tsada daga wancan wata zuwa wannan. Mai man ya ce da shi, “Alhaji, ka je ka tambayi iyaka, ba ni na rufe ta ba.” Kawu bai taɓa zuwa Makka ba, amma na ga sunan ya ɗan sanyaya masa rai.

A Tibiri muka fara asarar rana. Ƙanwar Kaka ƙaramar tsohuwa ce mai yawan zance, kuma randar da muka zo ɗauka cike take da wake da aka adana da toka. Sai da aka juye waken, aka goge randar, aka kifa ta, aka sake birkice ta a rana don ta sha iska. Kafin ta sha iskar, dole mu sha fura. Bayan fura, dole kawu ya leƙa gidajen dangi, don in ya tsallake gida ɗaya za a yi shekara ana maganar. Ni ina zaune ina kallon wata kaza tana tsince waken da ya zube. Tsohuwar ta dube ni ta ce, “Wagga ɗiya, kurma ce ko kunya ce? Tun da ta zo ban ji muryarta ba sai a gaisuwa.” Na yi murmushi na sunkuyar da kai, wanda shi ne ya ƙara tabbatar mata.

Sai da hantsi ya yi sosai aka ɗora randar a kan wata tsohuwar taya, aka cusa ciyawa a gefenta. Aikina shi ne in rungume ta. Randa ce babba, hannuwana ba sa haɗuwa a bayanta, kuma tana warin toka da tsohon ɗaki.

Mun ratsa Maraɗi rana tsaka. ’Yan kabu-kabu ta ko’ina, kowa yana ƙaho, kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. Da muka wuce kwanar da ke shiga unguwarmu, na bi ta da kallo har ta ɓace. Can wajen fita gari taya ta yi faci. Muka sauke randa a hankali kamar marar lafiya, muka zauna gindin wata bishiya. Na ci awara mai yaji a takarda, ta yi zafi a waje, ta yi sanyi a ciki. Mai facin ba ya sauri, kuma ba ya son a ce ya yi sauri. A nan muka yi azahar.

Jiratawa kore ce, irin koren da ido yake hutawa a kansa. Ruwa yana bin ƙananan magudanai, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ga zogala layi-layi, ga albasa, ga tattasai, ga warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma da muka bar babbar hanya muka shiga yashi, ban ƙara ganin komai ba. Duk ramin da muka faɗa, bakin randa sai ya doki haɓata. Na ciji harshena har na daina ƙirgawa.

A ƙofar gidan dattijon muka tarar da babbar mota, an riga an loda mata buhuna sama da rabi. A ƙasa an shimfiɗa tamfol, an tara zoɓo tsibi guda ya kai ƙuguna. Maza suna ɗura shi a buhu. Babban ɗan dattijon ne ya tarbe mu. Ya ce mahaifinsa yana kwance tun bayan girbi, shi ne yake riƙe da gonar. Wani ɗan kasuwa na Maraɗi ya ba shi aikin tattaro zoɓo daga ƙauyukan kewaye.

“Wallahi Baba ya ce a ware na Hajiya,” in ji shi. “Mun jira ku tun safe. Da muka ji shiru muka ce bana ba ta aikowa, sai muka juye duka wuri ɗaya. Amma ga shi nan, ku ɗiba yadda kuke so.”

Kawu ya dubi rana, ya dubi tsibin, ya shafa ƙeyarsa. Idonsa ya yi ja don gajiya. Ya ce, “To ai zoɓo zoɓo ne. A cika randa mu kama hanya.” Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya, “Inna ba ta gani sosai yanzu.”

Na matsa kusa da tsibin. Kala uku na gani. Akwai mai haske sirara, akwai wanda ya karkarye ya haɗu da haki, sannan jefi-jefi ga na dattijon, baƙi-baƙi, a dunƙule. Na san Kaka ba za ta gani ba. Amma na san za ta tauna, kuma ba za ta yi faɗa ba, shiru kawai za ta yi, ta gane an daina ɗaukar maganarta da nauyi. Na buɗe baki, maza sun fi goma a wurin, sai maganar ta koma ciki. Wani har ya ɗauko kwarya zai fara zubawa. Na tsinci guda biyu, mai haske da mai duhu, na dunƙule a hannu, na ce da kawu zan shiga in gaishe da mutanen gida. Muryar da ta fito ni kaina da ƙyar na ji ta.

Matar dattijon tana zaune a inuwa tana zagar ganyen zogala. Ta gane ni, don na taɓa rako Kaka. “Ina ƙawata? Gwiwar ce har yanzu?” Na ce ita ce. Daga nan ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na buɗe mata tafin hannuna. Ta ɗauki mai hasken ta duba, ta ɗauki ɗayan ta gutsura. Ta ture faifan da ke cinyarta ta miƙe.

Shi babban ɗan da ya tarbe mu ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Sai ta tsaya a bakin zaure ta fuskanci bango, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. “A faɗa wa mai babbar mota, randar nan ta girme shi zuwa gidan ga. Kar wanda ya sa mata abin da ba namu ba.” Mai kwarya ya ajiye kwaryarsa. Direban motar ya fara mita, ta ce da bangon, “A faɗa wa direba in yana sauri ya zo ya tsinta.”

Haka mata da ’yan mata suka fito muka kewaye tsibin, muna tsintar na dattijon ɗaya-ɗaya. Wata ta ce, “Hajiyar Maraɗi ta aiko mana aiki, ba ta aiko goro ba.” Sai a lokacin kawu ya tuna da ƙullin goro da sabulun da Kaka ta ba shi, yana cikin aljihunsa tun asuba. Aka yi masa dariya sosai. Daga baya shi ma ya tsuguna yana tsinta, amma yawancin abin da ya tsinto sai an mayar.

Aikin ba shi da wuya, sai dai ba ya ƙarewa. Bayana ya ƙage, idona ya riƙa ganin ja ko na dubi sama. Abin da aka riga aka ɗinke a buhu ya tafi, babu mai kwance shi. Da rana ta yi ja, muka juya tsibin a karo na ƙarshe ba mu ƙara samun komai ba. Na leƙa randa. Rabi.

Kafin mu tafi muka shiga gaishe da dattijon. Yana kwance kan tabarma, ya rame, muryarsa ta yi siriri. Ba a yi ciniki ba, dama tsakaninsa da Kaka ba a yi. Ya ce a ba Hajiya haƙuri. Sannan ya ce, “Ku faɗa mata baɗi zogala za a sa a wurin. Yara sun ce ita kullum ana yanka, zoɓo kuwa sau ɗaya a shekara. Ban ga laifinsu ba.” Ɗan nasa yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Muka kama hanyar dawowa. Randar ta yi nauyi, ta daina tsalle, kuma yanzu ƙamshin zoɓo take yi. Mun yi magariba a wani ƙaramin masallaci a bakin hanya, muka shigo gida kafin kiran isha’i.

Kaka tana zaune a ƙofar ɗakin nan marar taga, da alama tun la’asar take wurin. Aka shigar da randar. Ta zura hannu, hannun ya yi ta tafiya har ya wuce gwiwar hannu kafin ya taɓa wani abu. Ta ɗebo, ta shinshina, ta tauna ɗaya. Ta sake zurawa can ƙasa ta ɗebo wani ta tauna.

“Nashi ne,” ta ce. “Har ƙasa?”

“Har ƙasa, Kaka. Ɗaya-ɗaya muka tsince.”

Kawu ya faɗa mata saƙon zogala. Ta daɗe tana shafa bakin randar. Sannan ta sa aka rufe da tsumma mai tsabta, aka ɗora murfi, aka tura ta can ƙurya bayan sauran. Ta ce, “Wannan ba ta azumin bana ba ce, ba ta baɗi ba ce. Sai ranar da wagga ta gama lakwal.” Ni take nufi, ranar bikin gama makarantata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ga cewa abin da aka haɗe da juyi ɗaya, yini ake yi ana raba shi, kuma ba duka yake dawowa ba. Ban koyi magana a gaban mutane ba, har yanzu bakina yana mutuwa. Na dai gane cewa mai kunya ma yana da ƙofar da zai bi.

Ranar Litinin na je makaranta da ciwon baya da ƙulu a haɓa. Na wanke hannu da sabulu har ya yi zafi, amma jan zoɓo ya ƙi barin yatsuna. Wadda muke zama benci ɗaya ta kama hannuna ta ce bikin wa aka yi na sha lalle ban gayyace ta ba. Na ce ba a yi ba tukuna, amma an riga an ajiye abin sha.