Daddawar Malam Isiya tana cikin jakata

Da safen nan, ina ƙoƙarin tada mashin zan tafi Malumfashi, waya ta shigo. Malam Isiya mai tampol ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kashe mashin ɗin na yi na zauna a bakin ƙofa. An ce sai bayan azahar za a kai shi, ana jiran babban ɗansa ya iso. Shi ne na ce bari in rubuta wannan kafin in tashi, don zuciyata ta yi nauyi.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan da ke ɗinkin tampol na manyan motoci a bayan tasha a Funtuwa, mai tabarau ɗaure da zare. Ba dangi muke ba. Igiya ce ta haɗa mu.

Shekara uku ke nan na tsinci wani gadon lilo a gwanjo, irin na masu yawon daji, wanda ake ratayewa tsakanin itace biyu. Bai zo da maɗauri ba. Ni kuwa da nake ji da wayo, sai na sayi siririyar igiyar leda shuɗiya, ta shanya, na tafi da shi gonata kusa da Ƙarfi. Lokacin kaka ne, ana sussukar masara, yini ake yi. Na ɗaure a jikin ɗorawa biyu, na ja tamau.

Kullum in rana ta yi zafi igiyar sai ta saki, in ji bayana yana goga ƙasa. Sai in tashi in ƙara ja. Ban taɓa kwance ta ba har aka gama kaka.

To, gonar tawa ce, saya na yi. Amma ɗorawar ba tawa ba ce. Tun wajen ciniki aka ware itatuwan, gadon Gwaggo Hure ne daga mahaifinta. Tsohuwa ce, da kalwar nan take daddawar da take riƙe kanta.

Ranar da ta zo duba itatuwanta, ta tarar igiyar ta nutse cikin ɓawon ƙaramar ɗorawar, ta kusa zagaye ta. Ta sa yatsa a cikin ramin. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, me ta yi maka?"

Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tampol na rufe masara na kai ɗinki wajen Malam Isiya, hira ta kawo hira na ba shi labari. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Malamin gona guda, kana kwance a inuwar itace kana yanka shi?"

Bai bar ni na kare kaina ba. Ya tono wani buhu ya fiddo tsofaffin bel na kujerar mota, ya gwada faɗinsu da yatsa uku. Ya ce siririyar igiya yanka take yi, mai faɗi kuwa runguma. Ya ce ita leda miƙewa ce sana'arta, shi kuwa bel ɗin nan an yi shi ne don kada ya ba da kai.

Ya hau keke ya ɗinka mini guda biyu, kowanne da kunnuwa a jere, in saƙala ƙugiya a wanda ya yi daidai ba sai na yi ƙulli ba. Kowane kunne sai da ya bi shi da zare gaba da baya. Da ya gama ya rataya a ƙarfen rumfa ya yi lilo da kansa, ƙafafunsa na reto. Sannan ya ce, "Zo kai ma, kai ne mai tumbi."

Ya ce kada in ja tamau kamar shanya, in bar gadon ya yi ciki. Kada tsayinsa ya wuce na kujera. In zan koma gida in kwance kayana in tafi da su.

Na tambaye shi maganin raunin. Ya ce laka da kashin shanu, a shafe. "Amma fara zuwa ka ba mai itace haƙuri, ka riƙe goro. Itacen zai jira."

Na je. Ta karɓi goron, ta ce Allah ya sa ta rayu.

Shekarar da ta biyo baya ƙaramar ɗorawar ko ɗa ɗaya ba ta yi ba, reshe biyu ma suka bushe. Duk sanda na ratsa ta rumfarsa, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Ya mai jiki?" Ni har kunyar tambayar nake ji. Bara ta ɗan taɓa. Bana kuwa ta yi 'ya'ya har rassa na rinjaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan, wata guda da ya wuce, ranar da na kai masa albishir. Yana ta tari amma ya ce mura ce. Ya yi dariya har ya riƙe ƙirji.

"To a gaya wa Gwaggo ina da rabon miya. Bel ɗin ma ka kawo in ƙara masa zare kafin kaka."

Na isar da saƙo. Gwaggo Hure ta ƙulle daddawa mai yawa a leda, ta ce in kai wa mai ɗinkin nan da ba ta taɓa gani ba, in ce ta gode.

Yau kwana goma tana cikin jakata. Sau biyu ina wucewa ta bakin tasha, ina ce wa kaina sauri nake, gobe ma rana ce. Ko ɗazu da na buɗe jakar neman makulli ƙamshinta ne ya fara dukana.

Wannan shi ne abin da ke cina.

Zan kai wa iyalinsa anjima, a sa a miyar masu zuwa gaisuwa. Godiyar Gwaggo ce ban san wa zan ba ba.

Allah ka jiƙan Malam Isiya, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa. Yadda ya tausaya wa itacen tsohuwa, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata inuwa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce ba ka sa shi a addu'a ba. In kuma akwai saƙon wani a hannunka, kai shi yau.