Saƙon Hajiya a Jirgin Yaya

Yayana ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana tuƙa bas a Manchester, da ya ajiye aiki kuma sai ya sayi jirgin ruwa. Irin wanda iska ke turawa, mai manyan ƙyallaye biyu, tsawonsa ƙafa talatin da biyu. Mutumin da ke zaune a Gorton fa, inda ruwan da ya sani bai wuce na famfo da na sama ba. Wai da shi zai koma gida, har Legas.

Ni ce autar gidanmu, nas a babban asibitin da ke Edgbaston, a Birmingham. Duk weekend ɗin da ya ce ya zo gaishe ni, ashe madatsar ruwan unguwarmu yake zuwa koyon tuƙi da iska. Ya ci tuwona, ya tafi ya jiƙe, ya dawo ya ƙara. Babanmu fito yake yi da kwalekwale a Binuwai, saboda haka Yaya gani yake ruwa gadonsa ne. Na ce masa Binuwai gaɓa biyu gare ta, kana hango kowacce, teku fa?

"Auta, don teku aka ƙera jirgin nan," in ji shi. Wai akwai ƙarfe mai nauyi a gindinsa, ko iska ta kwantar da shi sai ya miƙe. Ba shi da gudu, amma ba ya firgita. Tsohon Baturen da ya sayar masa, can gaɓar Wales, ya taɓa tsallaka teku da shi, kuma ya yarda zai raka Yaya, muddin za su tashi kafin summer, lokacin zafin Turai, ta ƙare, don daga nan teku ke sauya fuska. Yaya ya ba sittin baya, likitansa ya riga ya fara gunaguni a kan gwiwarsa. In bana ta wuce, shi ke nan.

Ni kuwa tsoro nake ji, ba ɓoye-ɓoye. Mu biyu muka rage a ɗakinmu. Na yi roƙo, na yi kuka, na haɗa shi da fasto, duk a banza. Sai na ɗauki waya na rubuta a group ɗin matan coci cewa Yaya zai tafi gida da jirginsa na kansa, kuma babu awon kilo.

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da na aikata. Kafin Lahadi ta zagayo falonsa ya koma sito. Keken ɗinki, microwave biyu, buhunan takalma, katifa, tayoyin mota, kowanne da sunan mai karɓa a jiki. Na Birmingham ni da kaina na yi ta jigilarsu, ina ta'aziyya a fuska, zuciyata fes. Labari ya tsallake coci ya isa wajen Musulmi 'yan Ghana, tunda ta gaban ƙasarsu zai wuce. Yaya kuwa ɗan mai fito ne. Babanmu bai taɓa cewa kwalekwale ya cika ba, sai dai ya ce a matsa kaɗan.

Ta ƙarshe ita ce Hajiya, wata tsohuwa 'yar Ghana a layinsu, wadda ya sha tsayar da bas dominta har ta ƙaraso da sandarta. Ɗan ƙunshi ta kawo a leda: zane ɗaya, carbi, da wasiƙa, na ƙanwarta a zangon Takoradi.

"Malam direba, hannu da hannu," ta ce. "Kada ka ba kowa."

Ranar gwaji, bayan an loda kayan a jirgi, na bi su Wales in ga aikin hannuna. Akwai jan layi a jikin jirgin wanda ya kamata ya zauna sama da ruwa. Babu shi, ya nutse. Baturen ya leƙa wurin kwana ya tarar da keken ɗinki a gadonsa, haka muka fita teku. Jirgin da aka cika ni da yabonsa ya zama jakin da aka yi wa lodin kasuwa. A juya shi ya fuskanci iska, ya ƙi, sai ya tsaya yana tunani. Da iska ta ɗan kwantar da shi, microwave ta taso daga wannan gefe ta je ta gaida wancan. Ina rungume da bokiti ina amai, amma wallahi ban taɓa jin daɗin amai irin na ranar ba.

Da muka dawo Baturen ya ce jirgin zai iya teku, amma ba da kasuwa a cikinsa ba. Ko a sauke kaya, ko a nemi wani ɗan rakiyar.

Lissafina ya fita daidai. Yaya ba zai iya mayar wa mutane saƙonsu sannan ya kama hanya hannu rabbana ba, da wane ido zai dube su? In dai za a mayar, sai dai a ce tafiya ta fasu. Haka ya ce kuwa. Muka ɗauki hayar mota, muka fara da Birmingham, kwana shida yana kwana a flat ɗina, gida-gida yana ba da haƙuri. Ya rame, ya daina ƙara tuwo. Na gani, na kau da kai.

Muka koma Manchester, muka gama da Ardwick, muka gama da Gorton, saura ƙunshin Hajiya. Jikarta ce ta buɗe ƙofa, wata matashiya mai Turancin Manchester. Hajiya ta rasu muna Birmingham, har an kai ta. Muka yi gaisuwa. Jikar ta miƙo hannu ta ce a kawo, za ta aika ta post. Yaya ya riƙe ledar gam.

"Ta ce kada in ba kowa, 'yata."

A mota na ga inda aka dosa. Na ce, "Yaya, akwai jirgin sama fa. Ni zan yankar maka tikiti."

"Ba jirgin sama ta ba wa ba."

"To ai mutane za su ce..."

"Su ce. Nasu na mayar musu. Wannan wa zan mayar wa?" Ya tada mota, bai dube ni ba. "Na san ke kika rubuta a group, Auta. Ban ji haushi ba. Da ba ki rubuta ba, da Hajiya ba ta ji ba."

Bayan kwana tara suka tashi. Jan layin ya fito sarai sama da ruwa, jirgin ya juya tun kafin a gama roƙonsa. Yana da gudu ashe, ƙarya Yaya ya yi mini. Ban gama ɗaga hannu ba ya yi nisa.