Shafin Sadaukarwa Ne Ya Tona Ni

A Gyaɗi-Gyaɗi na taso. Kafin abin ya faru, ni ɗalibi ne marar yawan magana a wata makarantar koyon aikin lafiya. Ban iya hira ba, amma na iya rubutu, kuma ba na barin kuskure a takarda.

Da aikin gida aka fara. Wani abokin karatu ya roƙe ni in duba masa nasa. Daga dubawa na koma rubutawa. Kafin mu kai ajin ƙarshe, kundin kammala karatu nake haɗa wa mutane a wani shagon buga takardu a Tarauni. In ɗauko tsohon kundi, in sauya sunan gari da na ɗalibi. Har hatimin malami mai duba aiki na sa aka sassaƙa mini.

Sai makaranta ta kawo manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ke gwada kowane kundi da waɗanda aka taɓa miƙawa. Ban damu ba. Na riƙa bin babi-babi ina juya jimloli har su daina kama da na asali. Shafin sadaukarwa kaɗai na bari yadda yake, don a ganina ba mai karanta shi.

Manhajar ta karanta. Ta fito da kundi huɗu masu sadaukarwa iri ɗaya, kowanne ga "marigayi mahaifina". Malamin ya kira ɗaya daga cikin masu kundin, Rabi, matar aure da ta dawo karatu bayan haihuwa biyu.

Ya ce, "Rabi, yaushe Alhaji ya rasu ba a gaya mini ba? Jiya fa sahu ɗaya muka yi la'asar a masallacin Babban Giji."

Ta ce, "Malam, Baba yana nan lafiya."

Ya ce, "To, wa ya rubuta miki wannan?"

Ta faɗi sunana. Da aka kira ni ban yi musu ba. Aka kore mu, mu biyar. Saboda hatimin aka kai ni kotu, na yi wata tara a gidan yari.

Da na fito na je neman gafarar Rabi. Mahaifinta ne ya same ni a zaure. Ya ce, "Kai ne ka kashe ni a takarda? Wannan na yafe. Shekara ukun da 'yata ta yi tana karatu kuwa, ba ni da ikon yafe su." Ita ba ta fito ba.

Na tuba ga Allah. Ɗalibi, kada ka sa sunanka a kan abin da ba kai ka rubuta ba, kada kuma ka rubuta wa wani. Ni na gama nawa hukuncin. Rabi har yau ba ta koma makaranta ba.