Zaren da Ya Haɗiye Yara Arba'in da Bakwai

Ku gyara zama ku ji na gwaggona. Shekara goma sha tara ta yi a ɗakin ajiye bayanai na wani ƙaramin asibiti, inda fanka ta fi ba da ƙara a kan iska. Mace ce mai ƙyanƙyami. Ko linzamin kwamfutarta ka taɓa, sai ta goge shi tana yatsina fuska.

Jadawali biyu take ji da su a kwamfutar: na sunayen yaran unguwa, da na alluran rigakafin da aka yi musu. Lambar kati ke haɗa su, da wani siririn zare da ake gani a allo.

Da ta tafi jinyar ƙafa, shugaban asibitin ya ɗora surukinsa a kujerarta, wani da ake kira Injiniya, alhali ko tocila bai taɓa gyarawa ba. Ta dawo ta tarar da maiƙo a madannai, ɓawon lemo a durowa, ga rahoto manne a bango: an yi wa kowane yaro rigakafi.

"Injiniya, 'yar telan unguwar nan fa? Ai ba a taɓa kawo ta ba."

"Gwaggo, kwamfuta ba ta ƙarya."

"Ita kam ba ta yi, sai in an yi mata tambayar banza."

Ashe ya ɗaura zaren ne yadda sai yaron da ke cikin duka jadawalin biyu ne zai fito. Wanda bai taɓa zuwa ba ya ɓace ɓat, kamar ba a haife shi ba. Kuma da rahoton nan masu zagayen rigakafi gida-gida ke sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ta kama linzamin da takarda, ta danna zaren, ta sa ya kawo duk yaran, ta tace waɗanda gurbin allurarsu ke wayam. Arba'in da bakwai.

Da ta nuna wa shugaba, sai ya sassauta murya. "Hajiya, an riga an aika wancan rahoton sama, har an yaba mana. A bar kaza cikin gashinta."

"Ranka ya daɗe, kazar nan ta mutu, wari take."

Ta buga sunayen, ta damƙa wa masu zagaye. Washegari aka mayar da ita tagar ba da kati, kujerarta ta koma hannun Injiniya da maiƙonsa.

Ran Alhamis ga tela da 'yarsa, an yi mata allura tana tsala ihu, majina har haɓa. Gwaggo ta yi tsaki, ta yatsina fuska, sannan ta miƙo gefen mayafinta ta taga ta share mata.