Kujerar Akawun Sabon Gari

Jikana ya dame ni yau, wai kwamfuta ce ta sa makarantun wasu ƙasashe suka fi namu. Dariya na yi, na tuna Baba.

Tela ne a Fagge. Tun kafin mulkin kai, wata rana na raka shi Sabon Gari kai ɗinki gidan wani Bayarabe, akawun jirgin ƙasa. Muna zaune sai ga wani siririn mutum a tsohon keke. Akawu ya miƙe zumbur, ya ba shi kujerarsa.

Baba ya rage murya: "Alƙali ne?"

"A'a, malamin 'yata ne."

Har gida Baba yana dariya. Shi da in aka zo rubuta yara boko, ƙarƙashin tulin yadi yake cusa ni!

Da tsufa ya zo, 'yar akawun nan ce take karanta masa takardar asibiti, ina gefe ina sosa ƙeya. Sai da gemuna na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Yanzu mun daina ɓoye yara, mun ƙware a zagin gwamnati. To ku gaya mini gaskiya, yaushe rabon ɗayanku da tashi ya ba malamin ɗansa kujera?